Lekki: Unguwar Legas da Aka Gina Tsakanin Ruwa Biyu

Duk mai bin labaran Legas ya san sunan Lekki. Can ne matatar man Ɗangote take, can ne sabuwar tashar jiragen ruwa, can ne kuma rukunin gidajen da masu hannu da shuni ke rububin saye. Amma kafin shekarun 1980, mafi yawan wannan yanki fadama ce da kurmi da ƙauyukan masunta, kwalekwale ya fi mota amfani a cikinsa. Wanda yake son ya gane yadda Lekki ta bunƙasa cikin sauri haka, da kuma dalilin da ya sa titunanta ke cika da ruwa duk damina, sai ya fara da sanin irin ƙasar da aka gina ta a kai.

Lekki doguwar ƙasa ce siririya da ta miƙe gabas daga Victoria Island, tsawonta ya kusa kilomita 80. Ta kudu Tekun Atlantika ne ke dukanta, ta arewa kuma tafkin Legas da tafkin Lekki ne suka raba ta da sauran jihar. Ƙananan hukumomin Eti-Osa da Ibeju-Lekki su ne suka fi rabon yankin, sai wani ɓangare da ya shiga Epe. Ƙasar rairayi ce shimfiɗaɗɗa, babu tudu babu dutse, kuma tsayinta bai wuce na teku da wani abin kirki ba. A wurare da dama, haƙa kaɗan za ka yi ka tarar da ruwa. Damina kan fara wajen watan Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo har zuwa Oktoba.

Masu ƙasar tun asali Yarbawa ne. Awori ne suka fi yawa a yammaci, a garuruwa irin su Ikate, Ajiran da Ajah, Ijebu kuma suna gabas wajen Ibeju da Epe, ga kuma masunta Ilaje da suka kafa sansani a bakin teku. Sana'arsu kamun kifi ce da noman kwakwa da rogo. A ƙarni na 19 garin Lekki na asali, wanda yake can gabas nesa da inda ake kira Lekki a yau, tashar fatauci ce da Turawa ke sayen manja. Lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta a 1851, Sarki Kosoko ya gudu Epe, ya riƙe wannan gaɓa yana cin kasuwarta. A 1863 aka miƙa Lekki da maƙwabciyarta Palma ga mulkin Ingila. Bayan haka wurin ya koma gefe. Nisansa da wahalar isa gare shi ne ma suka sa gwamnatin tarayya ta tsare Cif Obafemi Awolowo a can a 1962, lokacin dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma.

Abubuwa biyu ne suka juya tarihin yankin. Na farko shi ne hanyar Lekki zuwa Epe, wadda aka soma a zamanin Gwamna Lateef Jakande, wanda ya mulki Legas daga 1979 zuwa 1983. Hanyar ce ta sa ƙasar da ba a kulawa da ita ta yi daraja, gwamnati ta yanka filaye a Lekki Phase 1, kamfanoni suka biyo baya. Na biyu shi ne rushe Maroko a watan Yulin 1990, ƙarƙashin gwamnan soja Raji Rasaki. Maroko unguwar talakawa ce da ke bakin shiga Lekki, kuma an ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne aka tasa. Gwamnati ta kafa hujja da ambaliya da rashin tsafta, amma bayan an cike wurin da yashi sai manyan gidaje da otal-otal suka maye gurbin bukkokin. Mutanen Maroko da yawa sun ƙare a Ilasan da Ikota, suka shafe shekaru suna bin kotu neman haƙƙinsu. Duk wanda ke yabon kyan Lekki ya kamata ya san wannan babi.

A yau unguwannin sun jeru a gefen babbar hanyar: Lekki Phase 1, Ikate, Osapa, Agungi, Chevron, Ikota, Ajah, Sangotedo, Awoyaya, har zuwa Eleko. Farashin gida da na fili yana raguwa ne gwargwadon nisan mutum daga Victoria Island. A ranar 29 ga Mayun 2013 aka buɗe gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, mai tsawon kilomita 1.36, wadda aka rataye da igiyoyin ƙarfe, ta kuma zama alamar unguwar a finafinai da hotuna. Akwai manyan shagunan zamani irin su Circle Mall da Novare Mall, da asibitoci da makarantun kuɗi. Makarantar koyon kasuwanci ta Lagos Business School tana Ajah, uwarta kuma, Jami'ar Pan-Atlantic, tana Ibeju-Lekki tare da gidan tarihin fasaha na Yemisi Shyllon. Babban Masallacin Lekki yana Phase 1, majami'u kuwa ba sa ƙirguwa.

Mai zuwa yawon buɗe ido ba zai rasa wurin zuwa ba. Gandun dajin Lekki Conservation Centre, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, yana da faɗin hekta 78, kuma shi ne ragowar da ke nuna yadda yankin yake kafin gine-gine: birai, kadoji, tsuntsaye, da itatuwan fadama. A cikinsa akwai siririyar gada ta sama mai tsawon mita 401 da ake bi ta saman itatuwa. Gidan zane-zane na Nike Art Gallery yana ɗauke da dubban ayyukan masu fasaha na Najeriya. A kasuwar kayan gargajiya da ke kusa da unguwar Jakande kuwa, za ka tarar da 'yan kasuwa daga Arewa suna sayar da kayan fata da duwatsun ado da kayan tagulla. Wuraren shaƙatawa na bakin teku sun haɗa da Elegushi da Eleko, sai dai igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfin ja, wanda bai iya iyo ba kada ya wuce inda ruwa ke taɓa ƙafa.

Sunan Lekki ya shiga tarihin siyasa a daren 20 ga Oktoban 2020, lokacin da sojoji suka buɗe wuta a shingen karɓar harajin hanya inda masu zanga-zangar EndSARS, ta adawa da zaluncin 'yan sanda, suka yi zaman dirshan. Kwamitin binciken da Jihar Legas ta kafa ya ce an kashe mutane a wurin, gwamnatin tarayya kuma ta ƙi amincewa da rahoton.

Nauyin tattalin arzikin yankin yanzu ya karkata gabas. A 2006 aka kafa yankin ciniki maras haraji na Lekki da haɗin gwiwar kamfanonin Sin. A 2022 aka buɗe masana'antar takin Ɗangote mai iya samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lekki, mai zurfin mita 16.5, wadda ke karɓar manyan jiragen da tashar Apapa ba ta iya ɗauka. A watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da matatar man Alhaji Aliko Ɗangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta kuma fara fitar da fetur a Satumbar 2024. Saboda haka abin da ke faruwa a Lekki yana taɓa manomi a Funtuwa da direba a Maiduguri.

Sai dai ci gaban ya riga tanadi. Fadamar da aka cike da yashi ita ce a da take shanye ruwan sama. Yanzu kowa na ɗaga harsashin gidansa ya fi na maƙwabci, wasu sun yi gini a kan magudanan ruwa, shara ta toshe sauran. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a daidai lokacin da teku ya cika, magudanan ba su da inda za su juye, sai ruwan ya tsaya a titi da cikin gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar Yulin 2017. Ta gefen teku kuma ƙasa ce ke zaizayewa. Igiyar ruwa kan kwashi rairayi daga yamma zuwa gabas, amma katangun duwatsun da Turawa suka gina a bakin tashar Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare shi, sai gaɓar da ke gabas ta rasa abin da zai maye wanda ruwa ya ɗebe. Unguwanni irin su Alpha Beach da Okun-Ajah sun yi asarar gidaje ta wannan hanya.

Abin mamaki, ruwan sha ma matsala ne. Rijiyoyin burtsatse da yawa suna fitar da ruwa mai gishiri ko mai tsatsa, dole a tace shi ko a saya daga tanka. Wuta kuwa janareta da sola ne ke cike giɓi. Babbar hanyar Lekki zuwa Epe ce ta ɗauki mafi yawan ma'aikatan ofis da tireloli da tankokin mai, shi ya sa cunkoso ke cinye sa'o'i safe da yamma. Hanyar bakin teku ta Legas zuwa Kalaba, wadda aka fara a 2024 za ta kuma kai kimanin kilomita 700, ta biyo ta nan, ta kuma jawo rushe gine-gine da dama. Su kuma leburori da masu gadi da masu sayar da kayan marmari, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, ba su da muhalli mai sauƙin kuɗi a kusa. Tun Yunin 2022 aka haramta acaɓa a Eti-Osa, abin da ya raba matasa da yawa da sana'arsu.

Ga mai niyyar sayen fili ko kama haya a Lekki, gani ya kori ji. Ka je ka duba wurin a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ke tona asirin ƙasa, kada ka dogara da hoton talla da aka ɗauka da rani. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar, ka tambayi maƙwabta inda ambaliya ke kaiwa. Kafin ka biya ko sisi, ka sa lauya da safiyo su bincika a ofishin filaye na jiha ko filin yana cikin wanda gwamnati ta karɓe ko ta saki, ko yana da takardar mallaka da amincewar gwamna, domin dillalan da ake kira omo-onile sun sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ga mai zuwa neman aiki kuma, ya tabbatar da wurin kwana da sana'ar da doka ta yarda da ita kafin ya hau mota. Lekki tana da arziki, amma wanda ya yi bincike ne kawai ke cin moriyarsa.