Gigin tsufa: Yadda tsofaffi ke ɓacewa daga gida a Daura

Idan lasifikar masallacin unguwa ta ɗauki cigiya bayan magariba a Daura, ba kullum yaro ake nema ba. Wani lokacin dattijo ne ya saɓa gari ya fice, wai zai je gonar da aka sayar tun shekaru ashirin, ko tsohuwa ta ce za ta gidan mahaifinta da ya daɗe da rasuwa.

Gigin tsufa ke nan, kuma cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba aljanu ba, ba kuma sammu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Rikicewar ta fi tashi da yamma, daidai lokacin da mata ke bakin murhu, maza suna masallaci, zaure kuma ba kowa.

A Turai da Amurka gidajen kula da tsofaffi suna sa ƙararrawa a ƙofa. A Daura yawanci 'ya'ya da jikoki ne ke riƙon tsoho, ga shi kuma titin da ya nufi Kwangwalam, bakin iyakar Nijar, cike yake da manyan motoci, musamman ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci.

Wasu iyalan kan garƙame ɗaki, wasu har ɗaure ƙafa suke yi. Wannan ƙara firgita shi yake yi, kuma idan kaskon wuta ya kama katifa cikin hunturu, ba ta inda zai fita. Ya fi sauƙi a rataya gwangwani mai tsakuwa a ƙyauren zaure, a ɗinka sunansa da lambar waya a aljihun rigarsa, a sanar da mai unguwa, mai shayi da 'yan acaɓan bakin layi. Jika ya riƙa zagayawa da shi bayan la'asar. Wanda ya taka ya gaji ya fi kwanciya.

Cikin gidan ma akwai aiki: murfi mai nauyi a bakin rijiya, fitila a hanyar banɗaki, a rage tsayin dokin ƙofa, a ɗauke fiya-fiya da kalanzir daga inda yake ajiye butarsa. Tsohon da ya karya ƙugu a santsin makewayi sau da yawa ba ya sake miƙewa.