Inda Harafin Ƙ Ke Ɓacewa A Cikin Na'ura

Duk ɗalibin da ya taɓa kai rubutunsa shagon buga takardu a Nguru ko Gashuwa ya san matsalar nan: ka rubuta "ƙasa", takarda ta fito da "Æ™asa". Mai shago zai ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta. Ni ina ganin ɓatan adireshi ne kawai.

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, kowane harafi yana da lambarsa tamkar lambar gida. Ƙaramin ƙ yana lamba 409, ɗ kuma 599. Wajen ajiyewa, tsarin UTF-8 yakan raba ƙ gida biyu, wato 198 da 153. Idan manhajar da ta buɗe rubutun tana duba tsohon jadawalin Windows na harsunan Turai, sai ta ɗauki kowace lamba daban: 198 ta ba ta Æ, 153 ta ba ta ™. Rubutun bai lalace ba, a buɗe shi da UTF-8 zai dawo. Idan kuwa ɗan akwati ne ya fito, to adireshin daidai ne, harafin ne babu shi a cikin zanen haruffan na'urar, kamar yadda yake a ƙananan wayoyi da yawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ido ba ya gani. Mu da ke rubuta Badanci, da 'yan'uwanmu Mangawa masu rubuta Barbarci, muna amfani da wasalin nan mai kama da e a kife. Gidaje biyu gare shi a Unicode, ə a 601 da ǝ a 477, kuma manyansu sun bambanta: Ə da Ǝ. Ɗalibi zai tattara kalmomi dubu, rabi da wannan rabi da wancan, in ya nemi kalma kwamfuta ta ce babu. Maganinsa a zaɓi ɗaya tun farko, a sa na'ura ta musanya ɗayan ko'ina.

Har kuɗi abin yana ci. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70. Shi ya sa wasu wayoyi kan sauke lanƙwasar, "baƙi" ya isa a matsayin "baki".