Tumatir mai nauyin jariri: abin da mai garka zai koya daga gare shi

A shekara ta 1986, wani mutum mai suna Gordon Graham, a jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka, ya tsinko tumatir guda ɗaya a garkarsa. Da aka ɗora shi bisa ma'auni, sai aka ga kilo 3 da rabi. Wannan nauyin jariri ne sabon haihuwa, mai ƙoshin lafiya. Shekara 28 aka yi ba wanda ya wuce shi. Sai a 2014 wani mutumin jihar Minnesota ya kawo na kilo 3 da garam 800. A 2020 kuma, Dan Sutherland na jihar Washington ya kawo wanda ya kusa kilo 5.

A can gasa ake yi, kamar yadda ake kokawa a nan don neman takobi. Mu ba gasa ta dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne kuɗin cefane da kuɗin magani. Amma dubarun mutanen nan suna nuna yadda icen tumatir yake raba abinci ga ƴaƴansa, da yadda ake sanin nauyin ɗa tun yana bisa uwarsa. Duka biyu suna da amfani ga mai noman rani, ko a Gulbin Maraɗi yake, ko Miriya, ko Ƙonni.

Yaya suke yi?

Farkon abu iri ne. Suna shuka iri mai manyan ƴaƴa, kamar wanda ake kira Delicious, wanda Graham ya shuka, ko Domingo. Irin Roma, mai tsawo kamar ƙwai, wanda ya yawaita a kasuwanninmu, ba ya zama ƙato ko an zuba masa takin duniya. Halittarsa ke nan.

Bayan iri sai fure. Wani lokaci furanni biyu, uku ko fiye suna fitowa manne da juna, su zama fure ɗaya mai faɗi. Shi masu gasa suke nema. Ɗan da zai haifa tumatir da yawa ne a cikin fata guda. Shi ya sa waɗannan ƙattin ba su da kyan gani: duk ƙulu-ƙulu ne da tsaga. In sun samu irin wannan ɗa, sai su tsinke sauran furanni da ƴaƴa duka. Su kuma cire ƴan tsiron da ke fitowa tsakanin ganye da kara. Abincin da ya kamata a raba wa ƴaƴa 20 sai ya tafi wurin guda. In ya yi nauyi, su yi masa goyo da tsumma, su ɗaure a jikin sanda, don kada reshe ya karye.

Mu dai ba mu ba kowa shawara ya bar ɗa guda a ice ba. Wanda ya yi haka ya yi asara, domin ƙananan da ya zubar, in an haɗa su, sun fi ƙaton nauyi. Ƙaton tumatir kuma ba ya jure tafiyar mota, kuma ba ya bushewa da wuri in za a yi kauɗa. Amma ragewa kaɗan tana da riba. Mai shuka iri mai faɗi, kamar Marmande, in ya ga ƴaƴa 7 ko 8 a reshe ɗaya, ya cire ƙanana da masu tabo tun suna kamar gujiya, ya bar 4 ko 5. Za su fi girma, su yi kai ɗaya, mai saye ya fi son su. Sai dai a bar ganye. Ranarmu ba irin tasu ba ce. Ɗan da ba ya da inuwa yana ƙonewa, gefensa ya yi fari.

Ban ruwa shi ne wurin da muka fi yin kuskure a garake. Tumatir yana son ruwa daidai, a kan lokaci. In ƙasa ta bushe kwana biyu, sannan aka malala mata ruwa, cikin ɗan yana kumbura fiye da fatarsa, sai ya tsage. Wannan rashin daidaito kuma shi ke kawo baƙin tabon nan na gindin tumatir, wanda wasu suke ɗauka tsutsa ce, har su sayi magani a banza. A shimfiɗa tattaka ko ciyawa busassa a gindin ice, ƙasa ta riƙe sanyi. Tumatir da ya tsage kuwa, ƙuda suna binsa. Kada a ba yara shi ɗanye. A wanke, a yanke wurin, a dafa.

Awo ba tare da ma'auni ba

Masu gasa ba su iya tsinke ɗa don su auna shi, tunda yana kan girma. Sai su kewaya shi da zaren awo, su yi lissafi. Dalili shi ne, tumatir kusan duk ruwa ne, kuma litar ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya san girman ɗan ya kusa sanin nauyinsa.

A ari zaren awo irin na tela. A kewaya cikin tumatir, a karanta santimeta nawa ne. In mai zagaye ne kamar ƙwallo, a ninka lambar sau uku da kanta, a raba da 60. Misali, an samu 20. To, 20 sau 20 ya ba da 400. Shi kuma sau 20 ya ba da 8000. A raba da 60, an samu wajen garam 130. Irinsa 8 sun cika kilo. In kewayen ya kai 25, nauyin wajen garam 260 ne. A duba da kyau: santimeta 5 kawai aka ƙara, amma nauyi ya ninka. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa yake ruɗin mai sayarwa.

In ɗan mai faɗi ne, awo uku za a yi: ɗaya a kewayen ciki, biyu kuma ta kan hanci da gindi, a gicciye. A ninka lambobin uku, a raba da 60. Mai kogo a ciki ba zai kai abin da lissafi ya faɗa ba.

Wanda lissafi bai zauna masa ba tukuna, ga wata hanya. A cika bokiti da ruwa mai tsabta har baki, a ajiye shi cikin babbar roba. A saka tumatir a hankali. Ruwan da ya zubo cikin roba, a auna shi da kwalbar litar. Litar 2 ta zubo, tumatir ya kusa kilo 2. A tsane shi a inuwa kafin a mai da shi kwando.

Ina amfanin wannan duka? Ranar da ɗan kasuwa ya zo sayen garka tun ba a tsinka ba, shi ya san abin da yake kallo, domin sana'arsa ce. Mai garka ma ya kamata ya sani. Ya zaɓi ice 10, ba mafi kyau ba, ba mafi muni ba. Ya ƙirga ƴaƴansu. A ce ya samu 200, wato 20 ga kowane ice. In matsakaicin ɗa garam 100 ne, kowane ice yana ɗauke da kilo 2. Mai ice 300 yana da kilo 600 ke nan. Ya cire wani abu saboda ruɓa da tsutsa, ya rubuta sauran a littafinsa tare da kwanan wata, kafin su zauna ciniki.