Gargaɗi ga Iyaye: Kada a Rufe Ƙofa da Ɓarawo

Iyaye maza da mata, malamai, yayye da duk wanda Allah ya ba amanar yaro, wannan magana taku ce, kuma ba ta jiran gobe.

A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da Dalhatu Tafoki, ɗan majalisa daga jihar Katsina, ya gabatar, ta nemi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa kamfanonin intanet su toshe shafukan batsa a Najeriya. Mutane da dama sun yi hamdala da jin labarin. Ni ma ina son a kare yara daga wannan ƙazanta da dukkan zuciyata. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda wasu iyaye suka saki jiki tun daga lokacin, suna ganin gwamnati ta sauke musu nauyi. Ba ta sauke ba. Ƙudurin majalisa ba doka ba ne, kuma ko an zartar da shi har ƙarshe, toshewar ba za ta kai inda ɗanku yake ba.

Ga yadda abin ke aiki. Hukuma takan miƙa wa kamfanoni irin su MTN, Airtel da Glo jerin adireshin shafuka, su hana layukansu buɗe su. Yaron da ya sauke manhajar VPN, wadda ke nuna kamar wayarsa tana wata ƙasa, ya tsallake wannan shinge kafin ruwan shayi ya tafasa. Matasanmu kuwa sun san VPN sarai. Sun koye ta a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, suka yi ta amfani da ita har aka ɗage haramcin a Janairun 2022. A Birtaniya ma, da aka tilasta wa shafukan batsa tantance shekarun mai shiga daga 25 ga Yulin 2025, cikin kwanaki kaɗan manhajojin VPN suka haye saman jerin waɗanda aka fi saukewa. Indiya ta ba da umarnin toshe shafuka 857 a 2015, ba a yi mako ba ta sassauta. In ƙasashe masu kayan aiki haka suka kasa rufe ƙofar ruf, kada wani ya yaudare ku cewa tamu ta rufu.

Sannan mafi yawan abin da ke isa wayar yaro a unguwanninmu ba daga wani shafi yake zuwa ba. Daga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu yake zuwa, daga Telegram, daga wayar aboki ta Xender ba tare da data ba, daga katin memori da aka loda masa a shagon caji da turin fina-finai. Babu wani umarnin NCC da zai shiga tsakanin wayoyi biyu da ke kan tabarma ɗaya.

Amma kallo ba shi ne mafi munin abin da ke faruwa ba, kuma a nan nake roƙon ku tsaya ku karanta a tsanake. Yanzu 'ya'yanmu su ne ake ɗauka. Wani zai buɗe shafi a Instagram ko Facebook da hoton kyakkyawar budurwa, ya nemi abota da yaro ɗan sakandare. Hira ta yi daɗi, sai "budurwar" ta turo hoton tsiraici da aka sato daga wani wuri, ta ce shi ma ya turo nasa. Da ya tura, murya ta canza. Sai a nuna masa jerin 'yan'uwansa da abokansa da aka riga aka kwafa daga shafinsa, a ce ya turo kuɗi yanzu-yanzu ko a watsa wa kowa. Yaron da bai taɓa iya ɗaga ido ya kalli mahaifinsa ba, yaya zai buɗe baki ya faɗi wannan? Kunyar da muka tarbiyyantar da shi a kai, ita ce igiyar da suke ɗaure shi da ita.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe kimanin shafukan Instagram 63,000 a Najeriya masu wannan sana'a, haɗe da dubban zaurukan Facebook da ake koyar da dabarunta. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya hallaka kansa cikin 'yan sa'o'i da faɗawa hannun irin waɗannan mutane. Sun nemi dala 1,000, ya ba su 300, ba su ƙyale shi ba. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas aka kama, aka miƙa su ga Amurka a 2023, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a Satumban 2024. Wanda ya iya yi wa ɗan Amurka haka daga nan gida, me zai hana shi yi wa ɗan Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, wanda ya san harshensa, ya san kuma abin da ake kira abin kunya a gidansu?

'Yan mata kuwa tasu hanyar ta fi kusa. Sau da yawa ba baƙo ba ne, saurayi ne da aka sani, mai zuwa zance ƙofar gida. "Ai aure za mu yi, turo in gani, zan goge." Ba ya gogewa. Ranar da aka ɓata, ko aka ba wani ita, hoton ya zama makami. Wata kuma wayarta ce ta lalace, ta kai gyara da komai a ciki. Yanzu har an kai inda ba a buƙatar yarinya ta cire ko ɗankwali: akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ɗaukar hoton sallah ko na biki su mayar da shi na tsiraici. Saboda haka in aka nuna muku hoton 'yarku, kada hannu ya riga hankali. Mai yiwuwa ƙarya ce aka haɗa. Ko da gaskiya ne, ita aka cuta.

Ku kuma masu turawa gaba, ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron doka. Duk wanda ya danna "tura" a kan bidiyon wata baiwar Allah, ko da da sunan jimami ko nasiha ne, ya sa hannu a tonon asirinta. In wanda ke ciki bai kai shekara 18 ba, sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga mai yaɗawa, kuma ajiye shi a waya kaɗai laifi ne mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5.

Ina da magana da masu yin doka, domin doka in ba a tsara ta da kyau ba, wanda aka zalunta take fara kamawa. Uganda ta yi dokar hana batsa a 2014, aka wayi gari ana kama matan da wasu suka fallasa hotunansu, har Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke muhimman sassanta a 2021. A nan gida, kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa dakatar da Twitter ya saɓa wa doka. Na'urar da ke toshe shafin batsa ita ce dai ke iya toshe shafin jarida. In za a ba hukuma wannan iko, a rubuta ƙarara me ake toshewa, wa ke ba da umarni, wace kotu ce za a kai ƙara in an wuce gona da iri. A kuma sa ƙarfi wajen kama masu tatsar yara da masu fallasa mata.

Abin da ke hannunku, iyaye, shi ne gida. Yaron firamare ba ya buƙatar babbar waya tasa ta kansa. Wanda ya isa riƙewa, a haɗa wayarsa da Google Family Link, kyauta ce, tana ba uba ko uwa ikon amincewa da kowace manhaja kafin a sauke ta da ƙayyade lokacin amfani. Waya ta kwana a ɗakin iyaye, domin yawancin wannan ta'asa bayan isha'i ake yin ta, lokacin da gida ya yi tsit. A duba ko akwai VPN a ciki, a tambayi dalili. Kafin a kai waya gyara, a cire katin memori, a kwashe hotuna.

Mafi muhimmanci, ku kira ɗanku ko 'yarku yau, ku faɗa da bakinku: "Duk abin da ya same ka a waya, komai muninsa, ka zo ka gaya mini, ba zan kore ka ba." Na san wannan magana tana da nauyi a bakin Bahaushe. In uba ba zai iya ba, uwa ta faɗa, ko kawu, ko gwaggo, ko yaya. Ɗan damfara yana cin nasara ne kawai muddin yaro ya fi tsoron gidansu a kan tsoronsa.

In kuwa abin ya riga ya faru, kada a biya ko sisi, domin wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. A daina ba shi amsa, amma kada a goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin, da sunan shafin, da lambar waya ko ta asusun bankin da ya turo, sannan a kai rahotonsa a manhajar a toshe shi. A kai ƙara Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta 'Yan Sandan Najeriya, ko EFCC, ko NAPTIP. Akwai shafin Take It Down ga wanda aka ɗauki hotonsa kafin ya kai shekara 18, da StopNCII ga manya. Hoton ba ya barin wayarku, wata lambar shaida kawai ake cirowa daga jikinsa a ba manyan dandaloli irin su Facebook, Instagram da TikTok domin su gane shi su cire. A kwanakin farko kuma kada a bar yaron shi kaɗai, ko da dare ko da rana. Wani babba da ya yarda da shi ya kwana kusa da shi.