Injin tur: a riƙon ƙarfe aikin yake

Idan sandar injin niƙa ta cinye, a Maraɗi ko Damagaram, wajen mai tur ake kai ta. A tur ƙarfen ne ke juyawa, wuƙa tana sassaƙarsa, don haka sai ya riƙu gam.

Kan da ke damƙe shi ana ce masa mandaran. Mai haƙora 3 yana tsuke su tare, ya daidaita ƙarfe mai zagaye a tsakiya. Mai 4 kuwa ɗaya-ɗaya ake ɗaure su, don ƙarfe mai kusurwa huɗu. Idan tsawon ƙarfen ya wuce kaurinsa sau 3, a tokare ƙarshensa da tsinin baya, kada ya lanƙwashe awo ya ɓaci. Kada a bar lakile jikin mandaran: inji na tashi, zai harbo shi.