Yadda Launi Ke Narkewa Cikin Launi a Jikin Mota

Akwai irin fentin da za ka ga mota ta faro da ja wur daga gaba, kafin idonka ya kai bayanta ta koma baƙa ƙirin, amma ko ka ƙura ido ba za ka nuna inda jan ya ƙare baƙin ya soma ba. Wannan salo ya yi tashe ne a jihar Kalifoniya ta Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, a hannun masu ƙawata motoci. Wanda sunansa ya fi fita a kai shi ne Gene Winfield na garin Modesto. Wata motar Mercury ƙirar 1956 da ya sake wa fasali, aka raɗa mata Jade Idol, ita ce ta sa aka san hannunsa ko'ina. Ya rasu a 2025 yana da shekara 97.

Asirin aikin yana cikin yadda bindigar feshi ke fitar da fenti. Iskar kwamfuresa tana farfasa shi zuwa ƙananan ɗigo, masu yawa a tsakiya, tsilla-tsilla a gefe. Inda ɗigon baƙi suka watsu a kan ja, idon mutum ne ke haɗa su ya ga wani launi na uku. Shi ya sa ake fara shimfiɗa launi mai haske, sannan a kawo mai duhun daga ɗaya ɓangaren. Da mai fenti ya kusa mahaɗa, sai ya riƙa janye bindigar baya yana sassauta yatsa, kuma ba ya yarda zagaye biyu su tsaya wuri guda. Wasu kan gauraya launukan biyu su fesa a tsakani, don kada sauyin ya zo da gaggawa.

Aikin ya fi daɗin ido, ya kuma fi wuya, idan fentin mai garai-garai ne da ake fesawa a kan shimfiɗar ruwan azurfa ko ta zinare. Halinsa irin na baba ne a marina: yawan tsomawa, yawan duhu. Da launi guda ma ana iya tashi daga haske zuwa duhu, ta hanyar ƙara zagaye a inda ake so ya yi duhu. Amma duk inda hannu ya ɗan yi jinkiri, ratsi zai fito, kuma sanfefa ba ta gyara shi, sai an sake daga farko.

Tazara ma abin lura ce. Yawanci akan riƙe bindigar kimanin santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota. In ta matso da yawa fenti ya zuba, in ta yi nisa ɗigon su bushe a iska su sauka da kaushi. Ba a kuma fesa ƙofa daban, murfin inji daban. Sai an haɗa motar, a bi tsawonta, a tabbatar dama da hagu sun sauya launi a wuri ɗaya. A ƙarshe a rufe da kiliya, wadda ke ba da sheƙi ta kuma kare launin daga rana.

A ganina, wanda garejinsa fili ne kada ya karɓi wannan aiki da hunturu, domin duk ƙurar da ta faɗa mahaɗar launi ta zauna ke nan. Mai mota kuma ya sani, in aka goge masa ƙofa, dawo da launin daidai sai gwani.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar masu fesawa. Sinadarin da ake zuba wa kiliya don ta yi tauri yana ɗauke da aisosayanet, wanda ke jawo asma, kuma ƙyalle ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Masu gareji, ku nema wa yaranku takunkumin da aka yi don feshin fenti, ku kuma samar musu da wurin da iska ke janye hayaƙin waje.