Hukuncin Fataucin Miyagun Ƙwayoyi a Nijeriya

A ranar 10 ga Afrilun 1985 aka ɗaure mutum uku a jikin turaku a Kirikiri ta Legas, sojoji suka harbe su a kan laifin safarar miyagun ƙwayoyi, bisa dokar soja mai lamba 20 ta 1984. Abin da ya fi damun masana shari'a kuwa a wancan zamani shi ne yadda aka mayar da dokar baya ta hau kan laifin da ya riga ta zuwa, alhali ƙa'ida ce sananniya cewa ba a yi wa mutum uƙuba sai bayan gargaɗi ya iske shi. Gwamnatin Janar Babangida ta ɗauke kisan, sannan a 1989 ta kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48, wadda har yau da ita ake hukunci a Babbar Kotun Tarayya.

Nassin dokar yana da tsanani matuƙa. Wanda ya shigo da hodar ibilis da dangoginta, ko ya fitar, ko ya sarrafa, ko ya sayar, ɗaurin rai da rai ne sakamakonsa. Wanda kuwa aka same shi da ita yana sane, ko yana sha, shekara 15 ne mafi ƙaranci, 25 mafi yawa. Fuƙaha'unmu na Malikiyya, irin su Imam Ƙarafi, sun bambanta giya da ganyen da ke gusar da hankali, suka ce na biyun ta'aziri ne ba haddi ba, wato an bar wa alƙali ya auna gwargwadon maslaha, kuma a ganina wannan awon shi ne wurin da adalci ke tsayuwa ko ya faɗi.

Domin sau da yawa alƙali kan yanke shekaru kaɗan, ya haɗa da zaɓin biyan tara, abin da ita kanta hukumar ta sha kokawa a kai. Babban dila, wanda kwalayen tramadol ɗinsa suka cika sito, lauyansa kan biya kafin la'asar, ya kwana a gidansa. Yaron da aka kama a bayan tasha da ƙullin wiwi a aljihu, ba lauya, ba mai tsaya masa, shi ne mahaifiyarsa ke zaune a ƙofar gidan yari ranar ziyara, da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, tana jiran gandiroba ya kira sunansa.